Mai gumin da ta shekara ashirin ba ta san nawa ake sayar da shinkafarta ba

Matar da zan yi magana a kanta tana zaune a wani gari da ke bakin fadama a ƙasar Argungu. Ba zan kama sunanta ba, unguwar ma ba zan faɗa ba, don sharaɗin da ta kafa min kenan kafin ta yarda in rubuta. Shekarunta sun ɗan haura arba'in, 'ya'ya shida, daga aji huɗu na firamare aka cire ta, Alƙur'ani tana karanta shi lafiya lau amma boko sai dai lambobi da rubuta sunanta. Sana'arta gumi. Ni ce nake riƙe wa matan layinsu littafin adashe, ta nan na san lamarin tun daga tushe, ina ce mata Yaya tana ce min Malama.

Ga wanda a faranti kawai ya san gumi, ga yadda yake. Shanshara ake saye, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba, a wanke a kwashe marar ƙwaya da ke tasowa saman ruwa, a jiƙa da ruwan zafi ta kwana, da asuba a tsame a zuba a rabin duro a rufe da buhu a hura wuta har ɓawon ya fara tsagewa, sannan a baza a rana ana motsawa ana korar kaji da awaki, in ta bushe a kai inji a cashe, a dawo gida a sheƙe a tsince. Kwana uku kenan in rana ta yi kyau, in damina ce kuwa sai yadda Allah Ya yi. Turarawar nan ita ke sa ƙwayar ta yi tauri ba ta kakkarye a inji ba. Kuma in aka auna da sikeli, tsabar da ke fitowa daga shanshara ba ta cika wuce kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari ba, sauran ɓuntu ne da dusa da tsaki.

Wajen uwar mijinta ta koya tun tana amarya, kuma tsarin da ta tarar shi ta bi sama da shekara ashirin ba ta taɓa tambaya ba. Ba ta fita, don haka ƙanen mijinta ke sayo mata shanshara ranar kasuwa, shi ke ɗaukar busasshiyar a baro ya kai inji, shi ke sayarwa, da yamma ya yi sallama ya miƙo kuɗi a naɗe ya ce “matar yaya ga abin da anka samu.” Ta ce an gode Allah Ya yi albarka, ta cire na sabulu da na adashe, sauran ta mayar masa na kasuwa mai zuwa. Ba ta san nawa aka sayi buhu ba, ba ta san kwano nawa ya fito ba, ba ta san nawa aka sayar da kwanon ba. Hannunta ne a ruwan zafi, idonta ne a hayaƙi, amma duk inda kuɗi ke canza hannu ba ta wurin. Wata tsohuwa a cikin 'yan adashen ita ta taɓa cewa wannan ai kura da shan bugu ne gardi da karɓar kuɗi, aka yi dariya aka wuce, don kusan duk matan layin haka suke yi.

Kuma in yi wa yaron adalci, ni ban ɗauke shi ɓarawo ba. Yana biyan kuɗin mota da 'yan dako da mai inji da la'adar dillali, yana ɓata yininsa, kuma ba wanda ya taɓa yanka masa lada, to shi ke yankar wa kansa. Duk wanda aka bar wa wuƙa da nama haka, da wuya ya cuci kansa.

Shekarun da aka yi ta kiran Kebbi gidan shinkafa duk a haka suka same ta. A Nuwamban 2015 Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Babban Banki mai suna Anchor Borrowers, a Disambar 2016 aka fito da shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi, a 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na Wacot a nan Argungu, ga kuma irinsa na Labana da ke Birnin Kebbi, sai a Agustan 2019 aka rufe boda shinkafar waje ta yi wuya. Manomi ya ji daɗi, 'yan kasuwa sun ji daɗi. Amma bashin nan na mai gona ne wanda ya shiga ƙungiya yake da BVN, mai gumi a cikin gida ba ta cikin wannan lissafin, abin da ya iso gare ta kawai shi ne shanshara ta ƙara tsada tunda manyan masu saye sun shigo da tireloli. Tana jin a rediyo ana cewa shinkafar gida ta yi daraja, kuɗin da ake miƙo mata a naɗe kuwa ya ɗan ƙaru amma abin da zai iya saye bai ƙaru ba.

Ambaliyar 2020 ce ta fara motsa abin. Duk ɗan Kebbi ya san abin da ruwa ya yi wa fadama a wannan damina, gonar mijinta ta tafi gaba ɗaya ana saura kaɗan a yanka. Daga nan har noman rani ya nuna, gumin nan shi ya riƙe gidan, abinci da kuɗin makaranta da maganin Inna, uwar mijin, har da kuɗin man injin ban ruwa da maigidan ya koma gona da shi. Jarin ya narke ya koma ɗan abin da bai cika buhu ba. A cikin wannan halin ne wasu masu rubuta sunayen mata don tallafi suka shigo layin suna tambayar kowa sana'arta, da aka zo kanta sai ta ce “ni ba ni da sana'a, ɗan gumi na nika taɓawa.” Ina zaune a wurin. Macen da ta ciyar da mutum tara wata da watanni. Kuma ba kunya ba ce ko ƙanƙan da kai irin namu, har zuciyarta haka ta yarda, don a wajenta mai sana'a shi ne wanda ya san cinikinsa, ita kuwa aiki kawai ta sani.

Ban yi mata wa'azi ba, kuma da na yi ma ba na jin zai yi amfani. Duk taron mata da aka kira sai an kawo Nana Khadija da fataucinta, sai an kawo Nana Asma'u da 'yan taru da jajis ɗinta, wato jagororinsu mata masu malfa, suna zaga ƙauyuka suna karantar da mata, kuma duk gaskiya ne, amma mata su tafa su sha lemo su koma gida su miƙa wa ƙanen miji kuɗin kasuwa kamar jiya. Abin da na ce mata kawai shi ne ta sa 'yarta ta biyu, wadda lokacin take sakandare, ta samo littafin rubutu na makaranta ta riƙa rubuta duk abin da ya shiga da duk abin da ya fita, kuma kafin a jiƙa shanshara a auna ta da kwano, in tsaba ta dawo ma a auna.

Littafin nan na gan shi, har yanzu yana nan bangonsa ya yi baƙi da hayaƙi. Yarinyar ta ja layi biyu da biro, hagu shiga dama fita. Satin farko abin dariya ne, don Yaya ba ta ɗauki icce a matsayin kashe kuɗi ba, wai ai da shi ake dafa tuwo ma, alhali duron gumi ɗaya yana cin iccen da zai yi girkin kwanaki. Ba ta lissafa ruwan da ake saye wajen 'yan garuwa. Ba ta lissafa kwanon da ake ɗiba kullum a dafa a gida, da wanda ake aika wa Inna, da na maƙwabciyar da ta haihu, da na almajirin gida. Ga kuma bashi, wance ta karɓi kwano biyu sai ranar Juma'a, Juma'ar da ba ta zuwa. Da aka yi wata biyu ana rubutu muka zauna mu uku a tabarma muka tara muka ɗebe, sai ga shi akwai makonnin da ribar ba ta kai ladan da za a ba 'yar aikatau ta yini ɗaya ba, akwai ma satin da uwar kuɗi ta taɓu. Ta yi shiru ta daɗe tana kallon lambobin, can ta ce “ashe bauta nika yi ba lada.” Sai kuma ta nuna wani wuri da yatsa ta ce to wannan fa, ta ba da kwano kaza a kai inji, abin da aka ce an sayar bai kai abin da ya kamata ya fito ba, ina sauran? Ba ni na gano ba, ita ta gano, macen da ake cewa ba ta yi boko ba. Lissafin kai dama tana da shi fiye da ni, abin lissafawar ne ba a taɓa ba ta ba.

Da kwasar adashenta ta sayi 'yar ƙaramar waya rakani-kashi, ta nemo lambar wata 'yar garinsu da ke aure a Birnin Kebbi tana awo a kasuwa. Duk ranar da za a fitar da kaya sai ta kira ta ji nawa kwano yake a can, ta kira wani ɗan yayarta da ke dako a kasuwar garin ta ji nawa buhun shanshara. Kiran minti ɗaya ɗaya ne, amma daga ranar ta daina karɓar “ga abin da anka samu” ido rufe.

Yadda ta ɓullo wa ƙanen mijin shi ya fi burge ni, don da ni ce da zafin kaina da na tare shi da littafi a tsakar gida an yi ta ta ƙare. Ita wajen Inna ta fara zuwa da dare ta durƙusa ta ce “Inna, wahalar da nika ba yaron ga ta yi yawa kuma ban taɓa sallamar shi ba, ina son a yanka mai lada kan kowane buhu, ya san nashi in san nawa.” Ba ta ce ya ci mata ko kwabo ba. Inna ta ce wannan magana ce mai kyau, maigidan ma ya ce ba laifi. Yaron ya gane sarai inda aka dosa, ya yi sati biyu a sabon tsarin, sannan ya ce shi aiki ya yi masa yawa a nemi wani. Ya kusa shekara ba ya cin abincin ɗakinta. Yanzu dai sun shirya, har ita ta yi wa amaryarsa garar shinkafa.

To sai aka rasa mai kai inji. Babban ɗanta yana makarantar allo a wani gari, na gida ƙanana ne. Nan ne maganar fita ta taso, kuma nan ne aka fi daɗewa. Maigidan ba mugu ba ne, mutum ne mai sanyi, amma tsoronsa bakin mutane, kar a ce ya kasa riƙe gida har matarsa na yawo wajen inji cikin maza. Malamin Islamiyyarsu na dare ya taimaka ba tare da ya san yana taimakawa ba, don a karatu ya yi bayanin cewa dukiyar mace tata ce, sadakinta da gadonta da abin da ta nema, ci da sha da tufafi da wurin kwana kuwa a kan miji suke ko da ta fi shi kuɗi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya in za ta yi kyautar abin da ya haura sulusin dukiyarta ne miji ke da ta cewa, amma saye da sayarwa ba a hana ta ba. Fita kuma da izininsa. Ta dawo gida ta nemi izinin, ba sau ɗaya ba, har dai ya ce ta je amma da rakiyar yaro kuma ta dawo kafin la'asar.

Zuwanta inji na farko ta ba ni labarinsa fiye da sau ɗaya kuma kullum sai ta yi dariya. Ta ce ta tsaya can gefe da dogon hijabi ƙafarta na rawa, ƙarar inji ta cika mata kunne, ƙura ta rufe ko'ina, maza na ta shiga gabanta ba ta iya cewa komai ba har layinta ya wuce sau biyu. Da aka zo kan kayanta sai ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, tsaba na zuba ta nan, dusa na fita ta can ana tara ta a wani lungu, yaron inji na share tsakin da ya zube yana zubawa a wani buhu daban. Ta tambayi wata tsohuwa da ke kusa, wancan na wa ne, tsohuwar ta ce na mai inji ne in ba ki tambaya ba. Ta ce sai da ta haɗiye miyau sau uku sannan ta matsa ta ce “Alhaji, dusata hwa?” Muryar ko fita ba ta yi ba sai da ta maimaita. Mutumin ya kalle ta ya ce in za ta ɗauki dusa kuɗin casa zai ƙaru, ta ce nawa, ya faɗa, ta lissafa a ka ta ga ko da ƙarin dusar ta fi, tunda masu kiwo na saye kuma ita ma tana da tumaki, ta ce a zuba mata. Ta koma gida a kan kabu-kabu da buhun dusa a gaba, ta ce ranar ji take kamar duk garin ita suke kallo, daga baya ta gane ba wanda ya ma lura.

Da ta fara ganin masu saye da idonta sai ta ji abin da suke faɗa a kan kayanta, wanda da ba ya iso mata. Tsakuwa, wari, launi biyu. Shekara ashirin ana rage mata kuɗi saboda waɗannan ba wanda ya gaya mata. Ta sayi tamfol ta daina shanya a ƙasa. Ta daina barin jiƙo ya wuce lokaci, don shi ke kawo tsamin nan. Ta daina haɗa iri, in Faro 44 ce Faro 44 ce, in Jamila ce Jamila, saboda ƙwayarsu ba ɗaya ba ce kuma in an haɗa wata ta dahu wata ba ta dahu ba. Wata mata da ta taɓa zuwa horaswa ta nuna mata dabarar sa faranti mai huji-huji a gindin duro yadda ruwa zai tsaya a ƙasa tururi kaɗai ya riƙa hawa, ta ƙasan ba ta caɓe ba ta saman kuma ba ta fito ɗanya ba, ta kai wa mai walda ya yi mata. Icce ya ragu, ƙwaya ta fito fes. 'Yar garinsu ta Birnin Kebbi ta fara karɓa kai tsaye ba dillali, daga nan masu sayar da abinci biyu suka biyo, sai wasu ma'aikata da ke saye na wata.

Maganar banki kuwa dole ce ta sa. A Oktoban 2022 Babban Banki ya ce zai canza 200 da 500 da 1000, farkon 2023 takardar kuɗi ta ɓace, kowa ya koma taransifa. Kwastomominta na turawa a akawun ɗin maigida, ko na yaron POS na bakin titi wanda sai ya cire nasa kuma ya ce babu kash. Na maigida kuwa, ba wai yana ci ba ne, amma kuɗi in sun shiga akawun ɗinka ga taki ana nema ga fetur, sai ka ce bari in taɓa in mayar, kuma ta yaya mace za ta bi mijinta bashi da littafi. Ta yi NIN ta yi BVN ta buɗe nata. Ta ce abin da ya fi ba ta wuya ba layin ba ne, sa hannu ne, ta kwana tana gwada rubuta sunanta a bayan littafin lissafi don kar ta dangwala yatsa a gaban mutane. Lambar sirrin ko 'yarta ba ta ba.

Kar wani ya ɗauka daga nan sai daɗi. Da maigidan ya ga tana samu sai kuɗin cefane ya fara raguwa, yau babu canji gobe ki ɗan cika, har ya zama ita ke sayen kayan miya da sabulu da omo gaba ɗaya. Wannan shi ne abin da na fi gani yana karya mata masu sana'a a wajenmu, ba hana su ake yi ba, sakar musu gidan ake yi, kuma in mace ta yi magana a ce ta yi kuɗi ta raina miji. Ita dabarar da ta yi, ta ware rana ɗaya a sati ta ce wannan cefanen nata ne sadaka, hatsi da sauran kwanaki nasa, kuma ta faɗa a gaban Inna cikin wasa da dariya yadda ba zai iya musu ba. Yana cikawa wani lokaci, wani lokaci ba ya cikawa. Dangi kuma suka buɗe ido, wannan ɗansa ba lafiya wancan za ta aurar, kuma ba duka ake iya hanawa ba. A gidan biki an yi mata habaici, wai su o'o an zama 'yan kasuwa sai dai a gan su a tasha. Ga jiki, idonta na ruwa saboda hayaƙi, bayanta na ciwo saboda ɗaga jiƙaƙƙiyar shinkafa. Da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota da na casa suka tashi lokaci guda, manoman rani da ke ban ruwa da inji su ma suka ɗora a kan shanshara. Bayan harin da Lakurawa suka kai Mera a ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024 maigidan ya ce kasuwannin ƙauye na wannan ɓangaren ba ita ba su, kuma ba ta yi gardama ba, ni ma da ni ce ba zan yi ba, duk da can ne shanshara ta fi sauƙi.

Babbar jarrabawar ta zo ne ta inda ba ta zata ba. Ganin shekaru biyu a jere duk wanda ya ajiye shanshara ya ci riba, sai ta zuba kusan duk jarinta ta saya da kaka ta jibge a ɗaki tana jiran ta tashi. Gwamnatin tarayya kuwa tun Yulin 2024 ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba, kuma da aka shiga 2025 farashi ya yi ta sauka maimakon hawa. Ba ita kaɗai ba, manyan 'yan kasuwa ma sun ji a jikinsu. Masu jiran ranar nan suka samu abin faɗa, ai dama mace da kasuwa, da ta bar wa maza da ba haka ba. Har Inna ta ce ko a kira yaron nan ya dawo ya riƙa kula mata.

Abin da ta yi shi ya sa na ga lamarin ya isa a rubuta. Ta ɗauko littafi ta lissafa asarar har ƙarshe, ta san adadinta, ba ta tsaya jiran ko farashi zai dawo ba tunda ga kwastomomi na jira, ta riƙa gumawa tana sayarwa a farashin ranar tana haɗiye faɗuwar. Da jari ya yi ƙasa sai ta koma yi wa wasu gumi ana biyanta kan kowane buhu, tunda yanzu an san hannunta, abin da da can za ta ga kamar ci baya ne. Ta kuma ce wa Inna “Inna ai da can ma ana hwaɗuwa, ban dai sani ba na. Yanzu ko na san inda nih hwaɗi.” Ba ta mayar wa kowa da kuɗin kasuwa ba.

Ni a ganina a nan ne ake kuskuren fahimtar abin da ake kira yarda da kai, musamman masu shirya tarukan ƙarfafa mata da raba keken ɗinki. Ana ɗauka sai an cusa wa mace ƙwarin gwiwa tukuna sannan za ta motsa. Yaya ba ta da wani ƙwarin gwiwa ranar da ta je inji, ƙafarta rawa take. Abin da take da shi lamba ce, ta san kwano nawa ta kawo kuma ta san nawa ya kamata ya fito, kuma wanda ya san wannan ko muryarsa na rawa zai yi tambaya. Sannan ban ce kowace mace za ta iya bin sawunta ba. Ta yi sa'ar miji mai sauƙin kai, da uwar miji mai jin magana, da 'ya mai karatu, da gari mai inji da hanyar mota. A layin nan nasu akwai wadda ta fara littafi mijin ya yaga shi, akwai wadda wayar ma ba a yarda ta riƙe ba, kuma ba su fi Yaya rashin wayo ba.

Yanzu tana da mata uku da ke taya ta, biyu zawarawa ɗaya matar maƙwabci, tana biyansu kan duro ba kan yini ba, kuma ranar da aka yi aikin take sallamarsu don ta ce ta san zafin jiran abin da aka ga dama. Jarin bai koma yadda yake kafin faɗuwar ba amma yana hawa. Yarinyar da ta fara riƙe littafin tana karatun NCE a kwalejin Adamu Augie, ta ce ita ba za ta yi gumi ba ko da kuɗi, koyarwa za ta yi, uwar ta ce Allah Ya taimaka amma ko albashi ne a riƙa rubutawa. Ƙanwarta ce ke riƙe da biro yanzu.

Rigimar da ke gabanta a yanzu ta kwasar adashe ce mai zuwa bayan girbi. Matan layin su biyar suna son su haɗa kuɗi su sayi ƙaramin injin cire tsakuwa, don masu shaguna a Birnin Kebbi sun ce in babu tsakuwa ko ɗaya za su karɓa a ƙulle a leda da farashi mai kyau, kuma kason Yaya daidai yake da abin da za ta kwasa. A ɗaya gefen an kawo kuɗin gaisuwar babbar 'yarta, ga gado da katifa da kujeru da jeren kwanuka, kuma kowa ya san a garin nan kayan ɗaki ba a uba ake kallonsu ba, a uwa ake kallo, balle uwar da aka ce tana da akawun a banki. Maigidan ya ce zai yi gado da katifa in shinkafar rani ta yi kyau. 'Yan'uwanta mata sun ce in ta sa kuɗin a inji ta kai yarinya ɗaki da kaya kaɗan sun ga yadda za ta ɗaga kai a gidan biki. Ta tambayi sauran matan huɗu ko za su jira ta zuwa zagaye na gaba, biyu sun yarda, biyu sun ce sai sun yi shawara da mazansu.